Yadda taswira ta ceci hanyar ƙaurar barewar Amurka

A filayen yammacin Amurka akwai wata dabba mai kama da barewa da ake kira pronghorn, ko da yake masana sun ce ta fi kusa da raƙumin dawa a dangantaka. Babu dabbar ƙasa da ta kai ta gudu a nahiyar, domin tana iya zarce kilomita 80 a sa'a guda. Sai dai duk da wannan gudu, ba ta cika tsallake shinge ba. Ta fi son ta kutsa ta ƙarƙashinsa.

Wannan hali ne ya sa sanin hanyar da take bi ya zama wajibi ga jami'an kula da namun daji. A jihar Wyoming, wani garke kan bar gandun Grand Teton idan hunturu ya gabato, ya nufi kudu zuwa kwarin Kogin Green, tafiyar fiye da kilomita 150, inda dusar ƙanƙara ba ta binne ciyayin da yake ci.

Masu bincike kan ɗaura wa wasu daga cikin dabbobin wata na'ura a wuya, wadda ke amfani da tauraron ɗan Adam wajen nuna inda suke. Da aka ɗora bayanan a kan taswira, sai aka ga hanyar ta tsuke ƙwarai a wasu wurare, musamman Trappers Point kusa da garin Pinedale, inda babban titin mota ya ratsa ta. Gini ɗaya ko shinge ɗaya a irin wannan mashigi na iya datse ƙaurar da aka shafe dubban shekaru ana yi.

A shekarar 2008 hukumar gandun dajin Amurka ta ba wa hanyar kariya, karon farko da gwamnatin tarayya ta yi wa wata hanyar ƙaurar dabbobi haka. A 2012 kuma aka kammala gadoji biyu a saman titin da mashigai shida a ƙarƙashinsa, aka kuma ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su ɗaga wayar ƙasa ta shingayensu.

To amma kariyar ta 2008 ta tsaya ne a iyakar dajin Bridger-Teton. Sauran hanyar ta bi ta filayen masu zaman kansu da yankunan haƙar iskar gas, kuma a nan ne aka fi kai ruwa rana.