Saurin Tashi da Iyakar Gudu: Motar Fetur da Motar Lantarki

Jama'a da yawa, in suna yabon mota, sai su ce tana da gudu. Amma fa abu biyu ne ake haɗawa a cikin wannan kalma. Na farko shi ne saurin tashi, watau daƙiƙa nawa mota za ta yi daga tsaye cik har ta kai gudun kilomita 100 a awa. Na biyu kuwa shi ne iyakar gudu, watau inda za ta tsaya in an ƙure mata maleji. Tun da motoci masu aiki da lantarki suka fara shigowa, ya zama lalle masu tuƙi su san wannan bambanci, domin motar da ta fi wata a ɗaya tana iya kāsa ta a ɗayan.

Misali daga gida ɗaya

Don kada a gwada doki da jaki, bari mu ɗauki ƙaramar jif ɗin nan Kona ta kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu. Mai fetur ta fito a 2017, mai lantarki ta biyo baya a 2018, kusan jiki ɗaya, kujeru ɗaya. Mai lantarkin ce kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko, aka nuna ta ga jama'a a watan Nuwamba na 1920 da ɗari, watau 2020.

Bisa lissafin da kamfanin ya bayar a kan waɗannan motoci na farko, mai ƙaramin injin fetur, mai ƙarfin doki 120, tana yin daƙiƙa 12 kafin ta kai kilomita 100 a awa. Mai lantarki da babban batir, mai ƙarfin doki 204, ba ta cika daƙiƙa 8 ba. Amma da aka zo iyakar gudu sai reshe ya juye da mujiya: mai lantarki ta tsaya a kilomita 167, mai ƙaramin injin fetur kuwa ta kai 181. Akwai kuma mai babban injin fetur, mai ƙarfin doki 177, wadda take kafaɗa da kafaɗa da mai lantarki wajen tashi, sa'an nan ta wuce kilomita 200 a awa.

Me ya kawo haka?

Injin fetur ba ya ba da ƙarfi sai yana juyawa da sauri. In mota tana tsaye, injin yana ɗan juyi ne kawai don kada ya mutu. Direba ya taka totur, sai iska da mai su ƙaru, su ƙone, juyin injin ya hau, sa'an nan ƙarfin ya bi ta kuloci da giya ya isa ƙafafu. Kowane mataki yana cin ɗan lokaci. Shi ya sa ake tashi da giya ta ɗaya, a koma ta biyu, a koma ta uku, kuma duk lokacin canjin giya ƙarfin yakan ɗan yanke.

Injin lantarki ba haka yake ba. Waya ce nannaɗe da maganaɗisu, da zarar wuta ta shiga sai ya murɗa da dukan ƙarfinsa, ko da bai fara juyawa ba. Ba jira, ba canjin giya. Ƙarfin murɗa ƙafa na Kona mai lantarki ya kai 395 a ma'aunin Newton-mita, na mai ƙaramin injin fetur kuwa 172 ne. Wannan shi ne abin da fasinja yake ji in bayansa ya manne da kujera.

To, ina dalilin gazawarta a dogon gudu? Giya ɗaya tak gare ta. Injin yana iya juyawa fiye da sau 10,000 a minti, amma in ya kai iyakarsa ba wata giya da za a ƙara. Ban da haka, iska tana ƙara tare mota matuƙa yayin da gudu ya ƙaru: in an ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Batir sai ya riƙa zubar da caji, ya kuma yi zafi. Saboda haka maƙera suke ƙayyade gudun da gangan. Mai motar lantarki da ya saba taka ta a doguwar hanya ya sani cewa tafiyar da caji ɗaya zai kai shi za ta ragu ƙwarai. Har wa yau, in caji ya yi ƙasa ko batir ya ɗumama, motar takan rage ƙarfin da take bayarwa don ta kare kanta.

Wanne ya fi amfani?

A dokar hanya ta Nijeriya, motar gida ba ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Ashe ke nan 167 da 181 da 200 duk lamba ce a takarda, ba wanda doka ta yarje masa ya kusance su. Saurin tashi kuwa kullum ana bukatarsa: wajen shiga shataletale, wajen hawa babbar hanya, da wajen wuce tirela a hanya mai falle ɗaya, inda kowace daƙiƙa a hannun da ba naka ba haɗari ce. A nan mai lantarki ta yi gaba, ba gardama.

Sai dai wannan baiwa tana tafe da sharaɗi. Batir yana da nauyi, har Kona mai lantarki ta ɗara mai ƙaramin injin fetur da fiye da kilo 400, kamar a ce buhun siminti takwas a cikin but a kullum. Injin yana ɓoye wannan nauyi wajen tashi, amma birki da taya suna ɗauke da shi wajen tsayawa da wajen kwana. A gudun kilomita 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki.

Sa'an nan ga shiru. Direban da ya saba da motar fetur da kunne yake gane gudunsa, ƙarar inji ce take gaya masa ya sassauta. A motar lantarki ba wannan gargaɗi, sai ya dubi maleji. Mai tafiya a ƙasa ma, musamman makaho da yaro da tsoho, ba ya jin zuwanta in tana tafe a hankali. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta, daga watan Yuli na 2021, kowace sabuwar motar lantarki ta riƙa fitar da wata ƙara in tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa ko tana baya.

Wanda zai fara tuƙa irin wannan mota, ya nemi fili ya gwada ta tukuna. Ya taka totur a hankali, musamman a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, inda ƙafafun gaba suke iya sulɓewa. Ya kuma lura cewa in ya ɗaga ƙafa daga totur, motar takan ja baya da kanta tana mayar da wuta cikin batir, don haka ya riƙa duban madubi saboda na bayansa.