TANA BARU: MAKABARTAR DA KABURBURANTA SUKA FI SUNAYENTA YAWA

A kan gangaren wani tudu da ke kallon teku a birnin Kef Taun na ƙasar Afirka ta Kudu, can saman unguwar Musulmi da ake kira Bo-Kaap, akwai wata tsohuwar makabarta mai suna Tana Baru. A nan ne aka binne yawancin mutanen da suka kafa Musulunci a wannan gaɓa. Jikokinsu suna nan birjik a birnin, amma duk wanda ya tashi neman kabarin kakansa a wurin yakan sha wuya, domin babu cikakken littafin da ya tattara sunayen waɗanda ke kwance a ciki.

Asalin matsalar ya faro ne daga yadda mutanen suka zo. Cikin 1652 kamfanin ciniki na Turawan Holan ya kafa zango a Kef don jiragen ruwansa masu zuwa Gabas. Daga lokacin zuwa 1808 an shigo da bayi sama da 60,000 daga Indiya, da Silon, da tsibiran Indunusiya, da Madagaska da Mozambik. Da bawa ya sauka sai ubangidansa ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Wani a kira shi da sunan watan da aka saye shi, shi ya sa har gobe ake samun iyalai masu suna September ko Oktober. Wani kuma a haɗa masa sunan ƙasar da aka ɗauko shi, a ce van Bengalen, watau na Bengal. Wanda aka haifa cikin bauta a nan sai a ce van de Kaap, watau ɗan Kef. Sunan uba kuwa ba ya shiga takarda, domin a dokar lokacin ɗa yana bin matsayin uwarsa ne.

Ta haka mutum ɗaya yakan zama da suna biyu, ɗaya na takardar ciniki da ta gado, ɗaya kuma na Musulunci wanda ake kiransa da shi a gida da masallaci. Zuriyarsa na biyun suka riƙe, hukuma kuwa na farkon ta rubuta. Mai bincike yana iya zama wata da watanni a gidan ajiye takardun tarihi da ke titin Roeland, sunan kakansa yana gabansa, bai gane shi ba. Bugu da ƙari, Baturen da ke neman asalinsa yana da littattafan coci, inda aka rubuta wankan baftisma da aure da jana'iza. Musulmi ba ya cikin waɗannan, kuma hukuma ba ta ɗauki auren da liman ya ɗaura a matsayin aure ba. Sau da yawa inda ake tsintar sunan bawa shi ne cikin lissafin dukiyar mamaci, tsakanin shanu da kujeru.

Sunan makabartar ma yana da nasa ruɗani. Tana Baru da harshen Malay na nufin sabon fili. Hukuma ta ba da filin ne cikin 1805 ga wani 'yantacce mai suna Frans van Bengalen, shekara guda bayan an ba da 'yancin yin addini a 1804. To, amma Musulmi sun fi shekara ɗari suna mutuwa a Kef kafin wannan, kuma an san sun riga sun fara binne mamatansu a gangaren tudun tun kafin takardar izini ta fito. Saboda haka shekarar da ke jikin takardar fili ba ita ce shekarar kabari na farko ba.

Kaburburan da aka tabbatar da masu su na malamai ne. Mafi shahara shi ne na Imam Abdullahi ibn Kadi Abdus Salam, wanda aka fi sani da Tuan Guru. Ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore, Turawan Holan suka kawo shi cikin 1780 suka tsare a tsibirin Robben, inda daga baya aka tsare Nelson Mandela. Ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma an tsinci ɗaya daga cikin kofen a rufin Masallacin Auwal sa'ad da ake gyara a shekarun 1980. Shi wannan masallaci, wanda shi ne na farko a ƙasar, an kafa shi cikin 1794 a titin Dorp, a gidan wani 'yantaccen bawa, Coridon van Ceylon, kuma gidan ya koma hannun 'yarsa Saartjie van de Kaap. Dalilin da ya sa aka san wannan iyali daki-daki shi ne sun mallaki gida, gida kuwa sai da takarda. Tuan Guru ya rasu a 1807. A nan kuma aka binne Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta aiko, wanda ya rubuta littafin Bayanud Din da harshen Afirkans cikin baƙaƙen Larabci, kamar dai yadda malaman ƙasar Hausa suke rubuta ajami. Ya rasu a 1880.

Hatta manyan ma ba su tsira daga ruɗani ba. Shaihu Yusuf na Makassar, wanda aka kawo gudun dole cikin 1694 tare da mabiya 49, ya rasu a 1699 aka binne shi a Faure, gabas da birnin. Cikin 1705 iyalinsa suka koma gida bisa roƙon Sarkin Gowa, kuma mutanen can sun haƙiƙance cewa da ƙasusuwansa aka dawo. Yau shaihin yana da hubbare biyu, ɗaya a Afirka ɗaya a Indunusiya, kowanne ana ziyararsa. In haka ta faru ga mutumin da sarakuna suka yi wasiƙa a kansa, ina ga mai wanki da masunci?

Ƙarshen binnewa a Tana Baru ya zo ne da rigima. Bayan annobar agana ta 1882, Gwamnatin Kef ta yi dokar kiwon lafiya a 1883, ta kuma rufe makabartun cikin gari ran 15 ga Janairu, 1886. Musulmi suka ƙi, domin al'adarsu ce su ɗauki makara a kafaɗa har bakin kabari, sabuwar makabartar da aka nuna musu a Maitland kuwa ta yi nisa ƙwarai. Kwana biyu bayan rufewar, mutane wajen 3,000 suka ɗauki gawar wani yaro suka hau tudun suka binne shi, 'yan sanda suna kallo. Aka yi arangama, aka kama jagoransu Abdol Burns, mai tuƙa keken doki na haya, aka ci shi tara. Daga baya Musulmi suka sami fili a Mowbray.

A nan ne babban ƙulli yake. Sai a 1895 aka wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Kef, watau shekara 9 bayan an rufe makabartar. Ke nan ta cika ta rufe tun kafin hukuma ta fara ƙidayar mamata. Takardar sanarwar mutuwa da ake kai wa ofishin rabon gado kuwa galibi ta masu dukiya ce. Kaburburan talakawa da dutse kawai aka shaida su, ruwa da iska suka kawar da da yawa. Abin da ya rage shi ne bakin tsofaffi, shi ma Gwamnatin wariyar launin fata ta yi masa illa lokacin da ta ayyana unguwar District Six ta zama ta farar fata a 1966, aka watsa mutane fiye da 60,000 zuwa bayan gari. Marigayi Achmat Davids, ɗan Bo-Kaap, shi ne ya haɗa zancen baka da takardun hukuma ya fitar da tarihin makabartar cikin 1985.

Rashin suna ba abin wasa ba ne a birnin da fili ke da tsada. Cikin 2003 magina suka tono ƙasusuwan mutum fiye da 2,000 a titin Prestwich, ba da nisa da Tana Baru ba, babu alama ko rubutu tare da su. Aka yi ta jayayya a kan wa ke da ikon magana a madadinsu. A ƙarshe aka kwashe su cikin akwatuna zuwa wani ɗakin ajiya da aka buɗe a 2008, aka ci gaba da gini.

Ita ma Tana Baru wasu sassanta suna hannun magada ne, kowa da takardarsa. Cikin 1998 aka kafa kwamitin amintattu don kare ta. A 2018 aka sa filaye biyu daga cikinta a gwanjo, sai da jama'a suka tashi tsaye sa'an nan aka janye. Cikin 2019 Gwamnati ta sanya makabartar, tare da Masallacin Auwal, cikin wurare 19 na Bo-Kaap da ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa.