Baturen Gandun Daji Da Ya Ƙare Rayuwarsa A Kan Jemagu Da Ɓeraye

Duk wanda ya taɓa zama ƙofar gida a unguwar Karewa ta Jimeta da almuru ya san lokacin da jemagu ke fitowa. Ana kiran sallar magariba sai ka ga sun baro itatuwa suna shawagi, waɗansu su nufi bakin Binuwai, waɗansu su faɗa wa mangwaron mutane. Yara su bi su da jifa, manya kuwa ko kallo ba su ishe su ba. Bahaushe ya san jemage, ya san birbiri, daga nan ya rufe littafi. Alhali kuwa masana sun ƙidaya irin jemagu fiye da 1,400 a duniya, kusan 100 daga cikinsu kuma a nan Nijeriya suke. Mutumin da ya aza harsashin wannan ƙidaya a ƙasarmu ba likita ba ne, ba kuma malamin jami'a ba ne. Ma'aikacin gandun daji ne, sunansa Donovan Rosevear.

An haife shi a Ingila a 1900, ya zo Nijeriya aikin gandun daji a 1924, ya yi shekara talatin yana yi har ya zama shugaban ma'aikatar gandun daji ta ƙasa baki ɗaya, sa'an nan ya yi ritaya a 1954. Aikin da aka ɗauke shi dominsa na itatuwa ne, amma duk inda rangadi ya kai shi hankalinsa na kan 'yan ƙananan dabbobin da sauran Turawa ba su damu da su ba. Su giwa da zaki da ɓauna suke nema, shi kuwa ɓera da jaɓa da kurege da jemage. Kafin ya bar aiki, a 1953, ya fitar da jerin sunayen dabbobi masu shayarwa na Nijeriya tare da taswirar inda ake samun kowacce.

Da ya koma gida, maimakon ya huta, sai ya tare a babban gidan ajiye halittu na birnin Landan, inda aka tara fatu da ƙoƙunan kan dabbobin da aka kwaso daga ƙasashenmu tun farkon zuwan Turawa. Aikin na masu haƙuri ne. A ɗauko ƙoƙon kan jemage wanda bai fi gyaɗa girma ba, a auna tsawonsa, a ƙidaya haƙoransa, a duba siffar kunne da hanci, a gwama da na wani da aka kamo a wata ƙasa, har a tabbata ko iri ɗaya ne ko dabam. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. A 1965 ya fitar da The Bats of West Africa, wato littafin jemagun Afirka ta Yamma, a 1969 na ɓeraye da danginsu ya biyo, a 1974 kuma na namun daji masu cin nama. Ya rasu a 1986.

To, mai karatu na iya cewa mene ne amfanin wannan wahala, mutum ya ƙare ƙuruciya da tsufa yana ƙirga haƙoran ɓera? Amsar ta zo a shekarar da littafin ɓerayen ya fito, kuma daga maƙwabtanmu ta zo.

A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Laura Wine, ta kwanta da wani zazzaɓi a asibitin Mishan na garin Lassa. Garin yana cikin Jihar Borno ta yau, dab da iyakar Adamawa ta wajen Michika. Aka ba ta magungunan da aka sani, ba su yi ba. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, can ta rasu. Ma'aikaciyar da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta New York, Allah ya yi da sauran kwananta. A Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin Lassa, amma ba a banza ba, domin masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya kamu da ƙyar ya sha, wani ma'aikacin ɗakin bincike kuma ya rasa ransa. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, har ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup.

An san cuta, an san kisanta, amma ba a san maɓoyarta ba. Sai a 1972, da ta ɓarke a ƙasar Saliyo, wani likita Ba'amurke, Thomas Monath, da abokan aikinsa suka shiga kama ƙananan dabbobi a gidaje da gonaki suna gwada su ɗaya bayan ɗaya. Suka sami ƙwayar a jikin wani ɓera da masana ke kira Mastomys natalensis, suka buga sakamakon a 1974. Ɓeran nan ba baƙo ba ne a ɗakunanmu da rumbunanmu. Alamarsa ita ce yawan nonuwa, macen tana iya samun har 24, ga kuma yawan haihuwa. Shi cutar ba ta kayar da shi, amma yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan hatsi da garin da aka bari a buɗe ko aka shanya a bakin hanya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne aikin irin su Rosevear ya nuna kansa. Likita ba zai iya cewa ga dabbar da ke ɗauke da cuta ba sai ya iya rarrabe ta daga 'yan'uwanta, kuma rarrabewar nan ba ta samuwa sai wani ya riga ya zauna ya siffanta kowanne, ya faɗi inda yake zama da abin da yake ci. Da an tsaya kan cewa ɓera ɓera ne, da har gafiya da gyazbi da kusun gona duk an haɗa su cikin laifin, ba a san wanda za a tsare wa hanya ba.

Ba a ce kuma dattijon bai bar gyara ba. Masana na baya, da suka sami hanyar duba ƙwayoyin halitta, sun tarar ɓeran da ake ɗauka iri ɗaya ashe iri-iri ne masu kama da juna, ido ba ya raba su. A 2016 Dokta Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai waɗansu irin ɓeraye biyu da su ma ke ɗauke da ƙwayar Lassa. Maganar kuwa ba ta tarihi kaɗai ba ce. Kowace shekara da rani cutar tana tashi, jihohin Ondo da Edo da Bauchi da maƙwabciyarmu Taraba na cikin waɗanda ta fi addaba, kuma sau da yawa ma'aikatan asibiti na cikin waɗanda take ɗauka.

Jemage shi ma yana da nasa laifin, tun da a 1956 an sami wata ƙwaya mai dangantaka da ta haukan kare a jikin manyan jemagun Ikko, kamar yadda aka sami wata a jikin jaɓa a Mokola ta Badun a 1968. Saboda haka kama shi da hannu ko cin ragowar 'ya'yan itacen da ya gatsa ba dabara ba ce. Amma a ganina an fi zaluntarsa fiye da yadda ya yi zalunci. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ne kuma babban mai kai masa barbara. Haka furen ɗorawa, haka na rimi. Wato matar da ta kaɗa miyar kuka ta jefa daddawa, jemage ya yi mata aiki sau biyu ba ta sani ba. Manyan nan masu ruwan ƙasa-ƙasa da ke cika itatuwan gari suna haɗiye 'ya'yan ɓaure da makamantansu su kai irin nesa, wani bincike da aka yi a Gana ya nuna tazarar na iya kai kilomita 75. Ƙananan kuwa ƙwari suke ci dare farai, har da masu ɓata amfanin gona.

Bayan Rosevear, wanda ya ɗauki tutar shi ne David Happold, wanda ya koyar a Jami'ar Badun daga 1966 har kimanin shekara goma, ya kuma fitar da The Mammals of Nigeria a 1987. Masana sun saka wa Rosevear ta hanyar da suka saba, wato sa wa dabba sunan mutum: akwai wani ɓera a Zambiya, da wani a Dutsen Kamaru, da wani jemage da aka siffanta daga Laberiya a 2013, duk suna ɗauke da sunansa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mafarauta da leburorin daji da suka haƙa ramuka suka hau itatuwa don kamo dabbobin nan a zamanin Turawa, galibinsu ba a rubuta sunansu ko'ina ba, fatun kuma suna can Landan, ɗalibinmu sai ya yi biza kafin ya gan su.

Yanzu aikin ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa. Iroro Tanshi, wadda ta yi karatu a Jami'ar Benin, ta gano a 2016 wani ɗan jemage mai gajeriyar wutsiya a dutsen Afi na Jihar Kuros Riba, bayan an yi shekara 45 ba a gan shi a daji ba. Da ta ga gobarar da ke tashi daga gonaki ce ke cinye dajin da yake zaune, sai ta shiga aiki da manoman wurin don tsare wuta, abin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Whitley a 2021.

Yankinmu ma ba a rasa abin nema ba. A duwatsun Gotel da ke iyakar Kamaru, cikin tsohuwar Jihar Gongola, masana Jamusawa suka siffanta wani ɓera a 1992 wanda ba a san shi a wani wuri ba sai can. Gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, ɓangarensa na arewa yana cikin Adamawa ta wajen Toungo, ga duwatsun Alantika, ga na Mandara da kogunansu. Kayan aikin ba su fi tarko da raga da ma'auni da littafin rubutu ba, sai safar hannu da allurar rigakafin haukan kare ga mai kamawa. Ɗalibin ilmin dabbobi na Jami'ar Modibbo Adama da ke neman abin da zai rubuta a kai yana iya farawa da itatuwan Karewa, tun da daga makarantarsa ƙetare gada ne kawai.