Tsohuwar Mota: A Gyara Ko A Sauya?

Da zarar bakanike ya ce wa mai mota "Alhaji, sai fa an sauke inji," tunanin sayar da ita ya shigo. Abokai su ce a rabu da wahala, iyali su ce sun gaji da tura mota. Amma kafin a kira dillali, yana da kyau mutum ya tambayi kansa: idan na sayar, me zan saya?

Ga mafi yawan 'yan Najeriya, amsar ita ce wata tsohuwar motar. Sabuwa dal ta fi ƙarfin talaka tun da daɗewa, 'yar Kwatano ma yanzu ta yi nisa. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Da dala ake sayo mota a waje, da ita kuma kwastan ke lissafa kuɗin fito, don haka farashi ya ninka. Wanda ya sayar da motarsa yau, sau da yawa kuɗin ba za su kai shi ko'ina ba sai wajen ta hannu, wadda wani ya gaji da ita. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Motarka ka san ciwonta, ka san abin da aka canja mata. Ta wani kuwa sai ka biya kafin ta fara gaya maka nata.

Saboda haka abu na farko, a raba gyara gida biyu. Taya, birki, batir, kulochi da shokazoba kaya ne masu ƙarewa a kowace mota, canja su ba alamar mutuwa ba ce. Inji da giya gyaransu na da tsada, amma suna canzuwa. Idan mota na shan baƙin mai tana hayaƙi, ko injin ya buga, ana iya sa mata ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ta sake shekaru tana aiki. Abin da ba ya gyaruwa da daɗi shi ne shasi. Motar da tsatsa ta cinye ƙasanta, ko shasinta ya lanƙwashe a hatsari har tana cin taya ta gefe ɗaya duk saitin da aka yi mata, ko ruwa ya taɓa shanye ta wayoyinta suka rikice, wannan ko an sa mata sabon inji an yi asarar kuɗi, kuma an sa rai cikin haɗari.

Na biyu, samuwar kayan gyara. Corolla, Golf 3 da Peugeot 406 sun daɗe a titunanmu ne domin kusan kowane gareji ya san su, kayansu kuma na nan a kasuwa. Motar da sai an yi odar kayanta, ta yi makonni a gareji ana jira, ta cancanci a sallame ta ko da bodinta na ƙyalli.

Na uku, lissafi. A tara abin da aka kashe mata a gyara cikin wata 12 da suka wuce, a haɗa da abin da bakanike ya nema yanzu. A ɗaya gefen a rubuta cikon da za a yi kafin a sayi wata, da la'adar dillali, da canjin takardu da inshora, da gyaran farko, domin da wuya a sayi ta hannu ba a taɓa ta ba. A sa man fetur a ma'auni: tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta wuce 1,000 a 2024, don haka mota mai silinda shida da ke zuƙar mai tana iya cin kuɗin da ya fi na gyara. Direban haya kuma ya ƙirga kwanakin da mota ke kwana a gareji, domin kowace rana balas ce ta tafi.

Kada a yanke hukunci da bakin bakanike ɗaya. A kai wa na biyu, a sa na'ura ta duba ta, a ɗaga ta a leƙa ƙasanta. Idan sauyawar ce ta tabbata, a binciki lambar shasin motar da za a saya, mai haruffa da lambobi 17, domin da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga gwanjon Amurka sun taɓa hatsari ko ambaliya, kuma ana mayar da mitar tafiya baya.

Idan shasi lafiya lau, kaya na samuwa, gyaran kuma bai kai cikon sayen wata ba, a gyara. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya rushe, a sayar tun tana tashi da ƙafarta, a kuma faɗa wa mai saye aibinta. Wadda aka bari ta kwanta, 'yan gwangwan ne ke yi mata farashi, su kuwa nauyin ƙarfe suke saye.