Motar Ƙungiya da Aka Sace, In An Gano Ta

'Yan'uwa manoma na Anka da Gummi da Bukkuyum, in 'yan sanda suka ce sun gano a-kori-kurar ƙungiyarku, kada ku yi saurin ɗora mata taki ku hau hanya. Ɓarawo yakan cire lambar waje, ya sake fenti. Abin da ke shaidar mota shi ne lambar shasi da ta inji, waɗanda aka buga a jikin ƙarfe.

Ku wanke wurin da kananzir, ku ɗora takarda ku goga fensir har lambar ta fito, sa'an nan ku gwada da takardunku. Tun daga 1981 yawancin motoci lambar shasinsu harafi da alƙalami guda 17 ne. A motocin da aka yi domin Amurka, na goma yana nuna shekarar motar. Wadda ta girmi 1981 lambarta takan fi gajarta, wannan ba laifi ba ne.

In lambobi sun dace, ku karɓi takardar sakin mota daga 'yan sanda, shugaba ya yi takardar rantsuwa a kotu, ku kai ofishin lasin a Gusau, VIO ya duba. Tsofaffin takardun Sakkwato ma ku riƙe su, gama sai 1996 aka yanke Zamfara.

Amma in an kankare lambar, ko an yi walda a wurin, ku bar motar hannun 'yan sanda su bincika. Kada ma'aji ya ba dillali kuɗin 'yan ƙungiya ya "gyara" takarda. Wataƙila motar ta wani ce, ranar da ya bayyana kuwa, ma'ajin za a fara kamawa.