Ernest Okonkwo: Muryar Da Ta Kai Ƙwallo Har Bakin Iyaka

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma in ka zauna da dattawanmu na Kalmalo aka ɗauko hirar ƙwallon ƙafa, za su ce maka akwai zamanin da ji ya wadatar. Daga nan bakin iyakar Nijar zuwa Legas ya fi kilomita 1,000, kuma talabijin a lokacin sai gidan wane da wane. Duk da haka sukan ba mu labarin wasannin Green Eagles dalla-dalla kamar a gabansu aka buga. Idon da suka gani da shi kuwa shi ne muryar wani mutum a akwatin rediyo, wato Ernest Okonkwo.

Okonkwo ɗan ƙasar Anambra ne. Ya kama aiki a gidan rediyon ƙasa na NBC a 1957, wanda daga baya ya koma Rediyo Nijeriya, ya kuma samu horo a Ostireliya. Ya yi sharhi tare da gwanaye irin su Ishola Folorunsho da Sebastian Ofurum, bai bar aikin ba har rasuwarsa ran 7 ga Agusta, 1990.

Aikin mai sharhi a rediyo ya fi na talabijin wuya. Na talabijin yana da hoto da ke taimakonsa, yana iya yin shiru. Na rediyo kuwa dole ya faɗi wanda ke da ƙwallo, da inda yake a fili, da wanda ya taso masa, da lokacin da ya rage, duk kafin ƙwallon ta bar ƙafa. Okonkwo ya gwanance a wannan har a birane masu talabijin sukan kashe muryarta, su kunna rediyo a gefe, ido na kallo, kunne na wurinsa.

Babbar baiwarsa ita ce laƙabi, abin da mu Hausawa za mu kira kirari. Segun Odegbami ya zama Mathematical, don yana yanka kamar mai lissafi. Kyaftin Christian Chukwu ya zama Chairman, wato ciyaman. Gola Emmanuel Okala, saboda tsawo da ƙira, ya zama Man Mountain, mutum mai kama da dutse. Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta aikin lauya, shi ne Chief Justice, alƙalin alƙalai. Da wannan dabara mai sauraro a ƙauye yake gane halin ɗan wasan da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranaku biyu sun isa misali. A Nuwamban 1977, a Legas, Nijeriya ta kara da Tunisiya a neman zuwa gasar cin kofin duniya ta 1978. Mai tsaron baya Godwin Odiye ya sa kai, ƙwallo ta faɗa ragarmu. Okonkwo bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya shaida wa ƙasa cewa Nijeriya ta ci Nijeriya. Tunisiya ce ta tafi Ajantina. Rana ta biyu ita ce 22 ga Maris, 1980, da muka ci Aljeriya 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharmu, ya miƙa kofi. Da ranar baƙin ciki da ta farin ciki, abin da ya faru shi ake faɗa, shi ya sa jama'a suka yarda da shi.

Mai karatu ya tuna cewa shekara 10 kacal ke nan da gama yaƙin basasa. Amma ga Bahaushe a bakin Tafkin Kalmalo yana addu'a kada a ci Okala na Rangers ta Inugu, yana tsalle don Odegbami na Shooting Stars ta Badun. Wannan haɗin kai ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mai sharhi yana da kaso a ciki.

To yau ina muka kwana? Gidajen kallon ƙwallo sun cika Illela da Birnin Ƙonni. Yaranmu sun haddace 'yan wasan Arsenal da Real Madrid, har da 'yan benci. Amma tambaye su mutum uku na Sokoto United, ko waɗanda suka ci wa Kano Pillars kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, sai a yi tsit. Laifin ba nasu kaɗai ba ne, ba a san ɗan wasan da ba a ji sunansa ba.

Sashen Hausa na BBC ya riga ya nuna cewa harshenmu na iya ɗaukar sharhin gasar Ingila kai tsaye. Saboda haka muna roƙon gidajen rediyonmu na Sakkwato da Katsina da Kano su ƙara horar da matasa, su zaunar da su a filin wasa na Giginya da sauran filayenmu duk ranar wasa. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Kalmalo yana bukatar wanda zai kira sunansa, ya yi masa laƙabi, ya kuma faɗi gaskiya ranar da ya yi kuskure.