Mantuwa da Bashin Shanu

'Yan'uwa fatake, in mutum ya haura hamsin, kai ba ya riƙe lissafi kamar da. Ka ba da bijimai uku bashi a Maigatari ran Alhamis, kafin Lahadin Illela ka rasa da naira aka yi cinikin ko da sefa. Nan zumunci ke ɓaci. Rubuta, ko da ajami ne, gaban shaidu biyu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da haka.

Kuma kada ka lafe a rumfa yara na zagaya maka kara. Tashi ka taka da ƙafarka, tafiya na taimakon jini da ƙwaƙwalwa.

Mance sunan dillali ba komai ba ne. Amma in dattijo ya fara ɓata a hanyar da ya saba, maza a kai shi asibiti.